Kafin Ka Kafa Ido a Katangar Gidanka

Duk wanda ya zaga Nassarawa GRA a Kano, ko Malali a Kaduna, ko Gwarinpa a Abuja cikin 'yan shekarun nan, zai lura da wani sabon ado da katangun gidaje suka samu. A can baya fasassun kwalabe da waya mai ƙaya ne ke bisa katanga; yau kuwa an ƙara musu farin ido mai leƙen titi dare da rana, ƙofar falo kuma ta koma buɗewa da zanen yatsa ko lambobin sirri. Ba na ganin laifin kowa, domin halin tsaron da muka shiga ya isa ya sa magidanci neman kowace irin dabara. Abin da ke damuna shi ne yadda muke sayen waɗannan na'urori kamar yadda muke sayen labule, wato mu dubi kyau da farashi, mu miƙa kuɗi, alhali kuwa abin da muke kafawa yana iya tsare gida, yana kuma iya tona asirinsa.

Mai karatu, abu na farko da ya kamata mu fahimta shi ne, kyamara shaida ce. Ba ta kama ɓarawo, ba ta kururuwa, ba ta kiran maƙwabta. Aikinta ta gani, ta adana, wani lokaci kuma ganinta ya sa mai mugun nufi ya sake tunani. Shaidar da ke barci a lokacin da abu ya faru kuwa ba ta da amfani a gaban alƙali, kuma babban abin da ke sa kyamara barci a ƙasar nan shi ne wutar lantarki. Ba mu manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka kwashe kwanaki cikin duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, wani layin kuma ya samu matsala. Don haka tambayar farko ga mai sayarwa ita ce: idan an ɗauke wuta, awa nawa wannan na'ura za ta ci gaba da aiki? Kyamara guda ba ta cin wuta sosai, galibi wat biyar zuwa goma ne, saboda haka ƙaramar inbata da batir da farantin sola sun wadatar. Wanda ya kashe kuɗinsa duka a kan kyamarori takwas bai tanadi wannan ba, gara a ce huɗu ya saya da batirinsu.

Tambaya ta biyu: ina hotunan suke tafiya? Akwai kyamarar da ke tura komai ta intanet zuwa rumbun kamfani a wata ƙasa, akwai kuma mai adanawa a cikin gida, a katin ajiya ko na'urar naɗa hotuna. Ta farko tana cin data da kuɗin wata-wata, kuma da zarar sabis ya yanke ta makance. Mutanen Zamfara sun ga haka a watan Satumba na 2021 da aka rufe layukan sadarwa na tsawon makonni. A ganina, ga gidan da ke da tsakar gida da katanga tasa, kyamarori masu waya da ke haɗe da na'urar naɗa a cikin gida sun fi aminci, da sharaɗin a ɓoye na'urar, domin ɓarawon da ya san ta kan aiki ita yake fara nema. A kuma nemi wadda aka gina don jure ƙura da ruwa, mai alamar IP66, a riƙa goge gilashinta lokacin hunturu. Kada a kafa ta can ƙololuwa, in ba haka ba hula da rawani kawai za a riƙa gani, babu fuska.

Tambaya ta uku ita ce ta fi nauyi a wurina: wa ke iya kallo ban da ni? Kakanninmu sun gina zaure ne don baƙo ya tsaya a nan, idonsa bai kai ga cikin gida ba. Kyamarar da aka kafa a tsakar gida aka bar ta da kalmar sirrin da ta zo da ita daga masana'anta ta rushe wannan zaure ba tare da an ji ƙarar faɗuwarsa ba. A 2014 wani shafin intanet mai suna Insecam ya baje hotunan kai-tsaye daga dubban kyamarori a faɗin duniya waɗanda masu su ba su sauya kalmar sirri ba. A 2016 muguwar manhajar Mirai ta bi ta wannan ƙofa ta mamaye kyamarori da makamantansu, aka yi amfani da su wajen durƙusar da manyan shafuka irin su Twitter da Netflix. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. A 2023 kamfanin Ring, mallakar Amazon, ya amince da biyan dala miliyan 5.8 bayan hukumar kasuwanci ta Amurka ta zarge shi da sakacin da ya bai wa wani ma'aikacinsa damar kallon hotunan mata a ɗakunan kwana da bayi. A watan Fabrairu na 2024 kuma kimanin mutum 13,000 masu kyamarar Wyze suka ga hotunan gidajen da ba nasu ba. Shi ya sa Birtaniya, tun daga watan Afrilu na 2024, ta haramta sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri mai sauƙin cankewa.

Darasin a fili yake. Kyamara ta fuskanci ƙofar gida, gareji da bayan katanga. Ɗakin kwana da sashen iyali ba wurinta ba ne. Ranar da yaron da ya haɗa maka ya gama aiki, a gabansa za ka sauya kalmar sirri, ka kuma tabbata asusun da sunanka da lambar wayarka aka buɗe shi. Da ɗan gari akan ci gari.

Makullin zamani kuwa yana da alfanu na gaske: ba sai an yi wa mai aiki ko direba kwafin makulli ba, a ba shi lamba ta kansa, ranar da ya bar aiki a goge ta. Amma kafin a saya a tabbatar da abubuwa uku. Ya kasance yana da makullin hannu na ko-ta-kwana, a kuma ajiye shi a wajen gidan, domin batir yakan mutu, manhaja takan rikice. A 2017 wani kuskuren sabunta manhaja ya kashe kimanin makullai 500 na kamfanin LockState. Ya kasance yana buɗewa daga ciki da murɗa ɗaya, babu lamba babu yatsa, saboda gobara ba ta jiran a tuna lambobi, gidajenmu kuma tagoginsu duk ƙarfe ne. Sannan a gwada shi da yatsun tsofaffi da na yara da jiƙaƙƙen hannu, domin su ne na'urar ta fi ƙin ganewa. Kuma kowane irin makulli aka sa wa ruɓaɓɓiyar ƙofa, ƙafa ɗaya ta ishe ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mai zama a fulat, musamman ɗan haya, lissafinsa daban ne. Ya nemi izinin mai gida kafin ya huda ƙofa, ya zaɓi abin da zai iya cirewa ranar tashi, ya kuma tuna matattakala da baranda na kowa ne. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da na gidansa, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma, duk da ta sassauta wa amfanin cikin gida, ba ta ba kowa lasisin leƙen ƙofar maƙwabci ba. Ya fi dacewa mazauna bene su haɗa kuɗi su kafa kyamara a babbar ƙofa, su amince da wanda zai riƙe hotunan.

A 2010 Gwamnatin Tarayya ta ba da kwangilar dala miliyan 470 don kafa kyamarorin tsaro, musamman a Abuja da Legas, amma jama'a ba su ga amfanin da aka yi musu alkawari ba, har Majalisar Wakilai ta binciki lamarin. Kafawa ba ta da wuya, kulawa ce aiki. Magidanci ya ware rana guda a wata ya duba ko na'urarsa na naɗa, ya biya maigadinsa a kan kari, ya kuma san sunan maƙwabcinsa da lambar wayarsa, domin shi ne zai fito idan an yi kururuwa da tsakar dare. Allah ya tsare mu da iyalanmu.