Sallamawa ba Gogewa ba ce: Matsalar Sakin Gurbi a Ma'adanar Kwamfuta Mai Kwafi Biyu

Tsakure

Maƙalar ta bayyana abin da ke faruwa idan aka umarci faifan kwamfuta ya saki wani gurbi alhali ma'adanar tana da kwafi biyu, da yadda manhajar DRBD ke magance saɓanin da hakan kan haifar. Ta kuma duba kalmar Hausa da ta dace da wannan umarni.

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin tarihin Daura sun saba da saɓanin kwafi. Jerin sarakunan da ke cikin Girgam, da abin da H. R. Palmer ya buga a 1928, da abin da M. G. Smith ya tattara a littafinsa na 1978, ba a karanta ɗaya ba tare da an waiwayi sauran ba. A al'adar malamai, maganin wannan shi ne muƙabala, wato a ajiye kwafi kusa da kwafi a bi su layi-layi. Yanzu da ake mayar da irin waɗannan takardu hotuna ana zubawa a kwamfuta, an ɗauka cewa kwafin na'ura ba ya saɓa wa asalinsa. Galibi haka ne, sai dai akwai umarni guda da ke iya raba kwafi biyu a ɓoye, kuma ya shafi gurbin da aka ce ba a bukata ne, ba wanda ake rubutu a cikinsa ba.

2.0 Ma'adana Mai Kwafi Biyu

Faifan kwamfuta a yanke yake gurbi-gurbi, kowane da lambarsa. Tsarin fayil ne ke riƙe da lissafin gurbin da ke ɗauke da kaya da wanda ba kowa. Tsakaninsa da faifai akwai direba, ƙaramar manhaja da ke zaune a zuciyar Linux tana isar da umarni.

DRBD direba ce irin wannan. Philipp Reisner ya faro ta a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, kamfanin LINBIT ke kula da ita, kuma ta shiga zuciyar Linux a fitowa ta 2.6.33 a shekarar 2010. Aikinta shi ne duk abin da aka rubuta a faifan babbar na'ura ta aika shi ga mataimakiyarta. A ƙaddara wata cibiya ta ajiye hotunan takardun masarauta a Daura, kwafinsu kuma a Katsina: idan ta Daura ta mutu, ta Katsina ta karɓi aiki. Amfanin tsarin duka ya rataya ne a kan alkawari ɗaya, cewa gurbi mai lamba kaza a nan daidai yake da takwaransa a can.

3.0 Inda Gizo ke Saƙar

Idan mutum ya share fayil, tsarin fayil yakan cire sunansa ne kawai daga lissafi. Faifan bai san an yi ba. A tsohon faifai mai juyawa wannan bai dami kowa ba, domin sabon rubutu kan hau kan tsohon. Faifan SSD kuwa ba ya rubutu a kan rubutu, sai ya fara wanke babban yanki gaba ɗaya, yana kwashe abin da ke da amfani zuwa wani wuri. In bai san mataccen gurbi ba, zai yi ta dakon shara, ya rage sauri, ya kuma tsufa da wuri. Saboda haka aka ƙirƙiro umarnin sanar da shi. Sunansa TRIM a ƙa'idar ATA, UNMAP a ta SCSI, Linux kuma ta haɗa su a ƙarƙashin kalmar discard.

Makarantar allo ta isa misali. Almajiri ya kawo hadda, malam ya ce masa ya je ya wanke. Daga wannan lokaci rubutun ya fita daga lissafi, amma yana nan a kan allon har sai yaron ya kai ga ruwa. Wani zai wanke nan take, wani sai gobe, wani kuma zai wanke sama-sama ya bar inuwar tawada. Izini aka ba su, ba a ɗora musu lokaci ba. Haka faifai yake. Ƙa'idar ATA ta yarda da hali uku bayan umarnin: faifan da abin da zai nuna a gurbin kan iya canzawa daga karatu zuwa karatu, da wanda zai tsaya a kan abu ɗaya ko mene ne shi, da wanda ya yi alkawarin sifili zalla.

A na'ura guda wannan ba laifi ba ne. A na'ura biyu kuwa, faifan Daura na iya mayar da gurbin sifili, na Katsina ya bar tsohon rubutu. Idan aka yi muƙabalar na'ura, wadda DRBD ke iya yi ana cikin aiki, sai rahoton saɓani ya cika da gurabe marasa amfani, har saɓanin gaske ya ɓace a cikinsu. Akwai abin da ya fi wannan muni. Manhajar da ke shimfiɗa tsarin fayil na ext4 takan tsallake rubuta sifili a teburorinta idan faifai ya tabbatar mata cewa gurbin da aka saki sifili ne. In wannan tabbaci gaskiya ne a Daura amma ƙarya ne a Katsina, ba wanda zai sani sai ranar da mataimakiya ta karɓi aiki ta karanta shara a matsayin lissafi, wato ranar da aka tanade ta dominta.

4.0 Dabarun DRBD

Hanya mafi sauƙi ita ce direba ta ƙi sanar da cewa tana karɓar umarnin, ko ta mayar da shi rubutun sifili a ɗaya ɓangaren. Kwafi biyu za su daidaita, sai dai gyaran na iya zama ɓarna. A ma'adanar da ake ba wa fili gwargwadon bukata, irin wadda Linux ta samu a fitowa ta 3.2 a 2012, rubuta sifili cin fili ne. Mai kula da na'ura zai ba da umarni don ya sami sarari, ya wayi gari ma'adanar ta cika.

Irin wannan ma'adana tana sakin fili ne dunƙule-dunƙule, mafi ƙanƙanta kilobayit 64, kuma takan yi watsi da umarnin da bai cika dunƙule ba ba tare da ta faɗa ba. Daga fitowa ta 8.4.7, DRBD ta samu zaɓin raba umarnin uku: cikakkun dunƙulen tsakiya ta sake su, guntayen farko da na ƙarshe ta rubuta musu sifili da kanta. Ta kuma samu zaɓin da, a lokacin sake daidaita kwafi, yankin da duk sifili ne ake aika shi a matsayin umarnin saki, ba a yi jigilarsa ta waya ba. Ga cibiyar da layinta na intanet ba shi da ƙarfi, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

A 2017, a fitowa ta 4.12, masu gina Linux suka daina yarda da alkawarin sifili bayan saki baki ɗaya. Mai son sifili sai ya nema da umarninsa na dabam.

5.0 Wace Kalma?

Wannan rabuwa ta 2017 ita ce hujja a kan masu fassara discard da gogewa ko sharewa. Duka biyun suna nuna an kawar da rubutu, abin da umarnin bai lamunce ba. Zubarwa da yarwa sun fi kusa, amma suna nuna abin ya bar wurinsa, alhali yana iya zama daram. Sallamawa ta fi dacewa. Mai kaya a kasuwar Mai'adua idan ya ce ya sallama, haƙƙinsa ya janye, ko da buhun yana nan a gabansa har la'asar. Don haka maƙalar ta zaɓi sallamar gurbi ga wannan umarni, ta bar gogewa ga umarnin rubuta sifili. Bambancin ya shafi amanar takardu ma: hoton wasiƙar da mai ita ya nemi a cire daga ma'adana yana iya kasancewa a faifan Katsina bayan an sallama gurbinsa a Daura, har sai an goge shi da gangan a ɓangarorin biyu.