Shaidar Mai Sayarwa a Kan Mai Saye a Gwanjon Intanet: Nazari a Kan Tsarin eBay

1.0 Gabatarwa

Gwanjo shi ne cinikin da ake baje haja a bainar jama'a, masu so su dinga tayi, a sallama wa wanda tayinsa ya fi tsoka. A da, ana yin sa ido da ido. A yau kuwa, mutum yana zaune a ɗakinsa zai taya kayan da ke wata nahiya, a hannun wanda bai taɓa gani ba. Wannan ya sa kasuwannin intanet suka ƙirƙiro tsarin ba da shaida, wato bayan an gama ciniki a rubuta yadda aka ga halin abokin hulɗa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana wata taƙaddama da ta taso daga wannan tsari: shin ya dace a bar mai sayarwa ya rubuta shaidar suka a kan mai saye? An ɗauki kamfanin eBay na Amurka a matsayin abin misali, domin a nan ne muhawarar ta fi zafi.

2.0 Asalin Tsarin

Pierre Omidyar ne ya kafa wannan kasuwa a jihar Kalifoniya cikin watan Satumba na 1995, da sunan AuctionWeb, aka sauya mata suna zuwa eBay a 1997. Tun a 1996 ya buɗe fagen ba da shaida. Shaidar ta kasu kashi uku: ta yabo, da ta suka, da ta tsaka-tsaki, kowace da 'yar gajeriyar magana a gefenta, wadda aka daɗe ana taƙaita ta ga haruffa 80. A wancan lokacin, mai saye da mai sayarwa duka suna da ikon yabo ko suka.

Wannan shaida ba ado ba ce, kuɗi ce. Resnick da abokan aikinsa (2006) sun yi gwaji da tsofaffin katunan gidan waya, inda ɗan kasuwa guda ya sayar da kaya iri ɗaya da sanannen sunansa, ya kuma sayar da sababbin sunaye. Sanannen sunan ya jawo farashin da ya ɗara na sababbin da kimanin kashi 8 cikin 100.

3.0 Matsalar Ramuwar Gayya

Illar tsarin farko ita ce, duk shaidar da aka rubuta tana bayyana nan take. Saboda haka masu sayarwa da yawa sukan noƙe, su ƙi cewa komai sai sun ga abin da mai saye ya rubuta. In ya yaba, su yaba. In ya kushe, su rama, ko da kuwa ya biya kuɗinsa a kan kari. Hausawa na cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Mai sayen da aka cuta sai ya gwammace ya haɗiye fushinsa da a ɓata masa suna.

Sakamakon haka ya fito fili a alƙaluma. Resnick da Zeckhauser (2002) sun gano cewa kimanin kashi 99 cikin 100 na shaidun da masu saye suka bayar na yabo ne, alhali kusan rabin masu sayen ba su ce uffan ba. Dellarocas da Wood (2008) sun nuna cewa a cikin wannan shirun ne rashin gamsuwa mai yawa ya ɓuya. Wannan abin lura ne ga masu nazarin ma'ana. Idan kowa gwani ne, to, kalmar "gwani" ta daina bambanta kowa da kowa, sai nauyin saƙo ya koma kan abin da ba a faɗa ba. Wato dai shiru ma magana ce.

4.0 Sauyin 2008

Kamfanin ya ɗauki matakin farko a 2007, inda ya ba masu saye damar ba da maki daga tauraro ɗaya zuwa biyar a ɓoye, a kan abubuwa huɗu: dacewar kaya da bayaninsu, da sadarwa, da saurin aikawa, da kuɗin aikawa. A watan Janairu na 2008 ya ba da sanarwar cewa masu sayarwa ba za su ƙara rubuta shaidar suka ko ta tsaka-tsaki a kan masu saye ba, sai ta yabo kawai. Wasu masu sayarwa suka ƙaurace wa kasuwar na tsawon mako guda a watan Fabrairu, amma duk da haka dokar ta fara aiki a watan Mayu.

5.0 Hujjojin Ɓangarorin Biyu

Masu sayarwa suna da kuka na gaskiya. Akwai wanda zai ci gwanjo ya ƙi biya, sai a ɓata kwanaki a sake sabon lale. Akwai wanda zai karɓi kaya ya ce ba su iso ba, da wanda zai yi amfani da su sannan ya mayar, da wanda zai yi barazanar suka sai an rage masa kuɗi. A ganinsu, an kwance musu takobi an bar abokin karawa da nasa, kuma an hana su gargaɗin 'yan'uwansu. Hasali ma, wasunsu sun koma danna alamar yabo sannan su rubuta zargi a ƙarƙashinta, ta yadda alama da lafazi suke ƙaryata juna, har kamfanin ya haramta yin hakan.

Masu goyon bayan dokar kuwa sun dogara ne ga tambaya guda: wa ya fi shiga haɗari? A wannan kasuwa mai saye ne kan fara biya, ya miƙa kuɗinsa a kan kayan da bai taɓa ba. Akerlof (1970) ya bayyana yadda kasuwa kan lalace idan mai sayarwa ya san aibin kaya, mai saye bai sani ba. Don haka shaidar da kasuwa ta fi buƙata ita ce wadda ake bayarwa a kan mai sayarwa, kuma ba za ta zama gaskiya ba muddin mai ba da ita yana tsoron ramuwa. Bugu da ƙari, shaidar suka ba ta cika tare mugun mai saye ba, domin a gwanjo sau da yawa ana yin tayin ƙarshe ne saura daƙiƙoƙi a rufe, mai kaya ba shi da sukunin bincike. Klein da Lambertz da Stahl (2016) sun gano cewa gamsuwar masu saye ta ƙaru bayan sauyin.

6.0 Darasi Daga Wasu Kasuwanni

Binciken Abner Cohen (1965) a kan kasuwar shanu ta Ibadan ya nuna ɗaya gefen lamarin. A can Hausawa fataken shanu kan sayar wa mahauta bashi, maigidan da ya saukar da su ya tsaya a matsayin lamuni. Tun da mai kaya ne ya fara miƙa dukiyarsa, sai ya zamana babban aikin dillalai shi ne sanin halin kowane mahauci wajen biya. Ke nan shaida tana bin inda haɗari yake. Wannan ne ya sa Uber ya bar direbobi suna ba fasinja maki, Airbnb kuma ya bar masu gida suna ba da shaida a kan baƙi, domin mota da gida amana ce a hannun baƙo. A 2014 Airbnb ya toshe ƙofar ramuwa ta wata hanya: ba a bayyana shaidar kowa sai duka biyun sun rubuta, ko kuma wa'adin kwana 14 ya cika.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa ba daidaita haƙƙin magana tsakanin mutum biyu ne kaɗai abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne, wace hanya ce za ta sa shaida ta ci gaba da ɗaukar ma'ana. Inda mai saye ya fara biya, hana mai sayarwa suka a fili yana da hujja mai ƙarfi, amma da sharaɗin kamfani ya ɗauki nauyin da ya sauke daga kansa, ta hanyar sauraron ƙorafinsa, da hukunta wanda ya saba ƙin biya, da goge shaidar da aka rubuta don cin zarafi. Inda kuwa mai kaya ne ya fara ba da amana, rufe masa baki zalunci ne. Dillalan shanu na Ibadan sun san wannan ƙa'ida tun kafin a haifi intanet.