Abubuwa Uku Da Nas Ta Kan Tarar A Gida Ɗaya

Nas iri biyu ce. Akwai ta babban asibiti, wadda ke jira a kawo mata majiyyaci bisa gado. Akwai kuma ta jama'a, wadda ke zaune a ƙaramin asibitin unguwa ko na ƙauye, tana awon ciki, tana yi wa yara allurar rigakafi, tana bin masu jego gida gida. Zancen ta biyun nan na ke so in yi, domin ita ce maƙwabciyar malamin makaranta a duk inda aka aika shi, kuma yaran da ke zaune gabansa da safe, uwayensu ne ke zaune gabanta.

A cikin karatun da a ke ba ta akwai abubuwa uku waɗanda mutane ba su cika zaton aikin nas ba ne, watau shaye-shaye, da duka ko cin zarafi, da kuma hanyar biyan kuɗin magani. A littafi kowanne da babinsa daban. Amma in ta shiga gidajen mutane sai ta tarar sau da yawa ukun nan suna zaune a ɗaki guda, suna ci daga aljihu guda.

Bari mu fara da shaye-shaye. A shekarar 2018 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, sun yi bincike a Nijeriya duka. Suka sami mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, waɗanda suka sha wani abin maye cikin shekara guda, ban da giya da taba sigari. Miliyan 10.6 wiwi suka sha. Miliyan 4.6 kuwa magungunan kashe ciwo ne irin su tiramadol da kodin suka sha ba da iznin likita ba. Cikin kowane mashaya huɗu, ɗaya mace ce. Kada wani ya ce wannan ciwon wani yanki ne shi kaɗai, don kuwa lissafin ya nuna yankin Kudu maso Yamma, inda Ikko da Badun su ke, shi ne a kan gaba. A watan Mayu na wannan shekara ce Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigowa da shi.

Tiramadol, wanda samari ke ce wa tiramol, shi ya fi kamata a tsaya a kansa, sabo da yadda ya ke shiga gida ba da sallama irin ta abin maye ba. Magani ne na gaskiya, dangin ofiyom, likita ya kan ba wanda aka yi wa aiki ko wanda ya karye. Wanda hukuma ta yarda a sayar, ƙwayar miligiram 50 ce ko 100, kuma iyakar abin da babban mutum zai sha a yini ɗaya miligiram 400 ne. To, wanda a ke sayarwa a ɓoye a tasha da kasuwa, ƙwaya ɗaya ta kan kai 225. Kun ga ke nan ƙwaya biyu sun riga sun ƙetare iyakar yini. Masu shansa kuwa da yawa ba 'yan iska ba ne. Lebura ne, da ɗan acaɓa, da manomi lokacin damina, mutanen da ke so su yi aikin kwana biyu a rana ɗaya ba su ji gajiya ba. Da farko ƙwaya ɗaya ta isa. Sannu a hankali jiki ya saba, sai biyu, sai huɗu. Ranar da bai samu ba sai ya tashi da hamma, da yoyon hanci, da gumi, da ciwon gaɓoɓi, da zawo, ga barci ya ƙi zuwa. Nan ne ilmin nas ke da amfani, gama wanda bai sani ba sai ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, a yi ta ba shi magani ana ɓarnar kuɗi, alhali jikin ƙwaya ya ke nema.

In abin ya yi yawa kuma, hatsari biyu ne. Ko dai mutum ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, ko kuwa numfashinsa ya yi ta raguwa, ƙwayar idonsa ta tsuke ta zama kamar kan allura, a tashe shi ya ƙi tashi. Nas ta san ba a ɗura wa irin wannan madara ko manja, ba a kuma cusa masa cokali a baki. A kwantar da shi ta gefe, a buɗe masa hanyar numfashi, a yi maza a kai shi asibiti, inda akwai wata allura, naloksan, mai warware ƙarfin dangin ofiyom. Mashayin giya na sosai shi ma in ya bari farat ɗaya yana iya jijjiga har ya mutu, don haka ba a sa shi ya bari sai da kulawar likita.

Abin da ya fi ba ni tausayi a sha'anin nan shi ne inda iyaye kan kai 'ya'yansu in sun gaji. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya, irin na Aro a Abekuta, da na Yaba a Ikko, da na Kaduna da Kware da Maiduguri, suna karɓar mashaya, amma suna da nisa da yawancin mutane, kwanciya a cikinsu kuwa sai da kuɗi. Sai a kai yaro gidan mari. A shekarar 2019 'yan sanda sun buɗe waɗansu gidaje irin waɗannan a Kaduna da Daura da Ilori da Badun, suka fito da ɗaruruwan mutane, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Watau rashin kuɗin magani ya juya shaye-shaye ya zama duka. Abin mamaki, tun 1954 Dokta Lambo ya nuna a Aro cewa ana iya jiyyar masu ciwon ƙwaƙwalwa suna zaune a ƙauye tare da danginsu, ba mari ba ƙulli.

Mun iso ga duka ke nan. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 31 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 an taɓa dukansu tun daga shekara 15, kuma fiye da rabin waɗanda abin ya sama ba su taɓa neman taimako ba. Saboda haka mace ba ta zuwa asibiti ta ce an doke ni. Sai ta ce ta faɗi a bakin rijiya, ko ƙofa ta buge ta. Abin da a ke koya wa nas shi ne ta duba ko labarin ya dace da raunin. Ta ga tabo iri iri, wani sabo wani ya fara warkewa. Ta lura da matar da ke yawan zuwa da ciwon kai da rashin barci ba a sami cuta ba, da wadda mijinta ke amsa duk tambayar da aka yi mata, da mai cikin da ba ta zo awo ba sai ciki ya tsufa. In ta ga haka sai ta nemi dalilin keɓewa da ita, ko da cewa za ta yi awon sai an tuɓe. Ba a yin tambayar nan gaban miji, ko uwar miji, ko yaron da ya iya magana.

Yadda za ta amsa ya fi tambayar wuya. Kalma ɗaya ce ta kan rufe bakin mace har abada, watau, "Me kika yi masa?" Haka nan kuma ba aikin nas ba ne ta ce, "Ki tattara kayanki ki tafi gidanku." Ita matar ta fi kowa sanin hatsarin da ke cikin gidanta, kuma an sani lokacin da mace ke shirin fita ya kan zama lokacin da ya fi hatsari. Aikin nas ta saurara, ta nuna ta gaskata, ta tambaye ta ko tana jin tsoron komawa yau, su yi shawara kan gidan da za ta gudu in dare ya yi tsanani, ta gaya mata inda a ke samun taimako, sa'an nan ta rubuta abin da ta gani da abin da aka gaya mata, ta adana inda wani ba zai karanta ba. Ta tuna fa a ƙauye ta ke, inda zance ɗaya in ya fita daga asibiti da hantsi, kafin la'asar ya gama gari.

Akwai lissafin da na ke so kowane malami ya haddace. In an yi wa yarinya ko yaro fyaɗe, maganin hana kamuwa da ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, a sha har kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki kuwa cikin kwana 5. Iyaye su kan ɓata kwanakin nan wajen zaman sulhu a gidan mai unguwa. A fara zuwa asibiti tukuna, sauran magana ta biyo baya. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda aka yi wa Abuja kuma jihohi da yawa suka ɗauka, ta mai da dukan mata da kaciyar mata laifi a gaban shari'a. Sirrin babbar mace nata ne, sai da yardarta a ke kai ƙara. Amma yaron da ke cikin hatsari ba a rufe zancensa. A nan ba zan ɓoye mana namu ba: binciken da aka yi kan cin zarafin yara a 2014 ya sami yara 6 cikin 10 sun gamu da wani irin cin zarafi kafin su cika shekara 18, kuma ya ambaci malaman makaranta cikin masu dukan. Mai riƙe da dorina ya yi tunani.

Saura kuɗi. A Nijeriya, cikin kowace naira 100 da a ke kashewa kan lafiya, fiye da 70 daga aljihun majiyyaci da danginsa ta ke fitowa, a ranar da ciwo ya zo. Shugabannin Afirka sun taru a Abuja a 2001 suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu, amma kasafin Tarayya bai taɓa kai wannan ba. To, ku duba gidan leburan nan. Kuɗin yininsa kashi ya tafi wajen mai ƙwaya. Matar ta tambayi kuɗin cefane, aka yi faɗa, ya karya mata hannu. Ɗaukar hoton ƙashi kuɗi, ɗori kuɗi, motar zuwa kuɗi, kuma wanda zai biya shi ne wanda ya karya. Sai ta ɗaure hannun da tsumma ta yi shiru. Nas ɗin da ta rubuta mata takardar zuwa babban asibiti ba ta tambayi wa zai biya ba, takarda kurum ta ɓata.

Don haka a ke koya mata hanyoyin da kuɗi ke bi. Ta farko ita ce asusun da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa, wadda ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya don kiwon lafiya matakin farko. Bisa dokar, rabi ya tafi biya wa talakawa magani, kashi 45 ya tafi ƙananan asibitoci don magunguna da gyaran gini da ma'aikata, kashi 5 kuma na taimakon gaggawa. Ba a sa kuɗin cikin kasafi ba sai 2018, aka ware naira biliyan 55 da 'yan kai. Ta biyu ita ce inshorar lafiya. An yi dokarta a 1999, aka fara aiki da ita a 2005, ta daɗe tana amfanin ma'aikatan Gwamnatin Tarayya kusan su kaɗai. A watan Mayu 2022 aka sa hannu a sabuwar doka wadda ta wajabta ta a kan kowa, ta kuma tanadi asusu don marasa ƙarfi. Jihohi suna da nasu hukumomi, a Ikko ana ce wa shirin Ilera Eko, a Kano kuwa taimakekeniyar lafiya.

Mutanenmu su kan ce ai wannan adashi ne. Ya yi kama, amma akwai bambanci, kuma bambancin nan shi ya kan sa mutane su fita bayan shekara ɗaya. A adashi kowa zai kwashi daidai abin da ya zuba in layinsa ya zo. A taimakekeniyar lafiya wanda ya kwanta shi ke kwasa, wanda Allah ya ba lafiya shekara duka bai kwashi kome ba. A ce mutum 100 kowa ya zuba naira 1,000 a wata, an tara 100,000. In mace ɗaya ta bukaci a yi mata aiki a ciro jariri, tarin nan ya ɗauke mata abin da da sai an sayar da gona. Amma in masu ciwo kaɗai suka shiga, masu lafiya suka ce sai sun kwanta tukuna, asusun ya karye kafin shekara ta zagayo. Dalilin wajabta shi ke nan, kuma bayyana wa jama'a wannan a taron unguwa yana cikin aikin nas.

Ni dai ban yarda takarda ta isa ba. Doka tana nan, amma mutanen ƙasar nan mafi yawa har yanzu ba su da katin inshora, kuma mai kati ma ya kan je a ce masa magani ya ƙare, ya tafi kyamis ya saya. Kowane ƙaramin asibitin da ke karɓar kuɗin asusun nan yana da kwamitin raya mazaɓa da ya kamata ya san abin da ya shigo da abin da aka kashe, kuma sau da yawa a kan sa malamin makaranta a ciki don ya iya rubutu da lissafi. Wanda aka sa a cikinku ya nemi ganin littafin kuɗin, ya tambayi yadda aka zaɓi sunayen marasa ƙarfin da aka yi wa rajista kyauta, ya kuma tambaya ko matar aure tana iya riƙe katinta a hannunta ba sai ta roƙi maigida ba.