Ko Ka Sani? Kyandir Biyu Sun Isa A Ƙawata Kek A Wasan Mario

A cikin Mario Party 8, wasan da kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar a 2007 don na'urar Wii, akwai wani ɗan gajeren wasa mai suna Sugar Rush. Mutum huɗu ke yi, biyu-biyu. Za a nuna muku kek da aka gama yi wa ado, a ba ku wani da ba a sa wa komai ba. Sai ku saita rimot ɗin Wii a allon talabijin, ku yi ta ɗauko kayan ado kuna ɗorawa har naku ya yi daidai da samfurin. Waɗanda suka riga gamawa su suka ci.

To, ta yaya na'urar ke sanin inda hannunka ya nufa?

Kowace Wii ta zo da wata 'yar siririyar sanda da ake ɗorawa a saman talabijin ko a ƙasanta. Mutane da yawa sun ɗauka ita ce ke kallon rimot. Ina! Sandar nan makauniya ce, kuma ko saƙo ɗaya ba ta aika wa na'urar. Wayar da ke jikinta wuta kawai take kai mata. Abin da ke cikinta ƙananan fitilu ne guda 10, biyar a kowane gefe, masu ba da hasken infared, wanda idon ɗan Adam ba ya gani.

Idon yana bakin rimot ɗin da ke hannunka. Wata 'yar mitsitsiyar kyamara ce a ɓoye bayan baƙar roba, ba abin da take nema a ɗakin sai ɗigon haske biyu. Ka ɗaga hannu, ɗigon su sauka a idonta. Ka murɗa hannu, su karkace. Ka matso kusa, tazarar da ke tsakaninsu ta buɗe, kamar yadda fitilun mota ke haɗewa daga nesa da daddare, su riƙa rabuwa tana ƙaratowa. Rimot ya tura wannan bayani ta Bluetooth, na'urar ta yi lissafi, sai ka ga kayan adon ya sauka daidai kan kek.

Tunda haske biyu kawai ake bukata, mutane suka ce bari su gwada. Suka cire sandar, suka kunna kyandir biyu a gaban talabijin da 'yar tazara tsakaninsu, abu kuwa ya yi aiki! Harshen wuta ma yana fitar da infared, kyamarar kuma ba ruwanta da inda hasken ya fito. Na'urar da aka sayar fiye da miliyan 100 a duniya, ga ta tana bin kyandir irin wanda ake kunnawa idan an ɗauke wuta. Wannan ne ma dalilin da ya sa alamar da ke kan allo take rawa idan hasken rana ya shigo ta taga kusa da talabijin: kyamarar ta ga ɗigo na uku, ta rikice.

Wani ɗalibin digirin digirgir a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, Johnny Chung Lee, ya juya dabarar. Ya kafe rimot wuri ɗaya, ya riƙe alƙalami mai fitilar infared a hannu, sai bangon da aka haska hoton kwamfuta a kai ya zama allon rubutu. Ya nuna wannan a taron TED na 2008, kuma malaman makaranta da dama suka kwaikwaya, domin kuɗinsa bai kama ƙafar na allon kamfani ba.

Kai ma za ka iya ganin hasken nan yau, ko ba ka da Wii. Ɗauko rimot ɗin talabijin ɗinka, ka saita bakinsa a kyamarar waya, ka danna maɓalli. Za ka ga ɗan ƙwan yana ƙyaftawa fari-fari da sirkin shunayya. Idan kyamarar baya ba ta nuna ba, gwada ta gaba. Amma batun kyandir, kada a bar yara su gwada su kaɗai, kuma a nisanta shi daga labule da jikin talabijin.