Ƙidayar Tsuntsayen Dausayin Haɗeja-Nguru: Su Wa Aka Ƙirga?

Duk mai ba da labarin tsuntsayen dausayin Haɗeja-Nguru da wuya ya tsallake alƙaluma uku. A watan Janairun 1995 an ƙirga tsuntsayen ruwa kimanin 260,000. A 1996 adadin ya sauko zuwa kimanin 201,000, sai kuma a 1997 ya haura 324,000. Ƙarin sama da kashi 60 cikin 100 ke nan a shekara guda.

Haihuwa kaɗai ba za ta kawo wannan ƙari ba. Bayaninsa yana cikin ruwa. Fadamar tana cika ne da ambaliyar kogin Haɗeja da na Jama'are, kuma faɗin da ruwan ya mamaye bana ba shi ne na baɗi ba. Idan ya malala, agwagin daji da 'yan bakin ruwa da ke zuwa daga Turai da yammacin Asiya sukan sauka su yi hunturu a nan. Idan ya janye da wuri, sai su zarce Tafkin Chadi ko wata fadamar. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, yawan ruwan da ke isa Nguru da Gashua ya rataya a kan abin da aka sako daga madatsun, ba a kan damina kaɗai ba. Ga kuma ciyawar kachalla da ta toshe hanyoyin ruwa, ta rufe sararin da mai ƙidaya zai iya hangowa daga cikin kwalekwale.

Ko a shekarar da adadin ya fi ƙanƙanta, ya ninka ma'aunin yarjejeniyar Ramsar sau goma, domin tsuntsayen ruwa 20,000 take nema kafin a ce dausayi yana da muhimmanci ga duniya. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma, hekta 58,100, a jerin Ramsar, wuri na farko a Nijeriya. Dausayin Baturiya da tafkin Dagona sun biyo baya a 2008.

Amma ga inda alƙaluman suke da giɓi, kuma a ganina ba ƙaramin giɓi ba ne. Ƙidayar ta Janairu ce, lokacin da baƙi suka cika fadama. Balbela da zalɓe mai baƙin kai, waɗanda 'yan gida ne, da damina suke sheƙa. A Janairu sun riga sun watse, balbela tana bin garken shanu a makiyaya nesa da bakin ruwa, don haka wadda aka gani a ranar ƙidaya ba ta nuna yawan masu sheƙa. Haka shamuwa, wadda a lokacin ma ta bar ƙasar zuwa kudancin Afirka.

Masu sheƙa da wata hanya ake ƙirga su. Sheƙar ake lissafawa, ba tsuntsun ba, kowace sheƙa mai ƙwai ko 'ya'ya a matsayin mace da namiji. Bishiya mai sheƙa 150 tana nufin manya 300. Balbela takan yi ƙwai biyu zuwa huɗu, ta kwanta a kansu kwana 23 ko kusa da haka, 'ya'yan su fara tashi bayan kimanin wata guda. Saboda haka mai ƙidaya yana da 'yan makonni ne kawai, a tsakiyar damina, lokacin da laka ta datse hanyoyin ƙauyuka.

Sau da yawa kuma sheƙunan ba a cikin wuraren da aka killace suke ba. Suna kan tsamiya ko darbejiya a tsakiyar gari, inda mai gida ke fama da kashinsu da hayaniyarsu har ya kai ga sare rassan. Ranar da aka sare irin wannan bishiya, ɗaruruwan sheƙuna sun tafi, ƙidayar Janairu mai zuwa kuwa ba za ta nuna an rasa ko ɗaya ba.