Galo a nan, anini a can: yadda ake karanta kafaɗar soja

Wata ranar Alhamis, wani mai fataucin dabbobi daga Mallawa ya ƙetare iyaka zuwa kasuwar Maigatari. A shingen hanya ya iske wani hafsan Najeriya da taurari uku a kafaɗa, ya rusuna ya ce: «Ranka ya daɗe, janar!» Sojoji suka bushe da dariya, domin kaftin ne. Bafataken bai yi wauta ba, karatun gida ya yi a ƙasar maƙwabta.

Rundunar Nijar ta gaji tsarin Faransa, inda tauraro na janar ne shi kaɗai. Biyu ne matakin farko, uku na gaba da shi, har zuwa biyar. Sauran hafsoshi galo suke ɗaurawa, wato ƴan sanduna a kwance bisa kafaɗa: ɗaya ga ƙaramin laftana, biyu ga laftana, uku ga kaftin, huɗu ga kumandan. Inda ido ke ruɗewa shi ne a galo biyar. Idan duka launinsu ɗaya ne, kanar ne. Idan kuwa ruwan zinariya ya cuɗu da na azurfa, laftana-kanar ne. Ma'aikacin da ya haɗa su a wasiƙar gayyata zai sha bayani.

Najeriya kuwa Ingila ta bi. A can tauraro, wanda suke kira anini, na ƙananan hafsoshi ne. Wanda za ka yi wa kallon babba shi ne mai mikiya: ita kaɗai manjo, da anini ɗaya laftana-kanar, da biyu kanar. Masu igiya a hannun riga, kofur da saje, su ne dai ka fi gamuwa da su a hanya.

Sai dai tarihinmu ya nuna cewa galo bai cika faɗin wanda ke riƙe da wuƙa da nama ba. Seyni Kountché laftana-kanar ne lokacin da ya kifar da Diori Hamani a 1974. Ibrahim Baré kanar ne a watan Janairun 1996, taurari daga baya suka zo. Daouda Malam Wanké a 1999 da Salou Djibo a 2010 galo huɗu kacal gare su, amma kanar-kanar suka riƙa sara musu, abin da littafin soja bai tanada ba. Kafin Salou Djibo ya miƙa mulki a 2011, galonsa huɗu sun rikiɗe sun zama taurari huɗu. Abdourahamane Tiani ya hau a Yulin 2023 da taurari biyu. A watan Maris na 2025 aka liƙa masa biyar.