Lalle a gashi: yadda yake rini, da inda haɗarin yake

A Kinkinau da maƙwabciyarta Unguwar Mu'azu, ana neman lalle ba don ƙunshin amare kaɗai ba. Dattawa na rina gemu da shi, matan aure kuma na rufe furfura, yawanci da garin da ake aunowa a Kasuwar Barci ko babbar kasuwar Sheikh Abubakar Gumi.

Ganyen lalle yana ɗauke da wani sinadari mai suna lawsone, wanda ke kama jikin gashi ya zauna. Ba ya kankare launin asali, ɗorawa yake yi a kansa. Shi ya sa furfura ke komawa ja mai haske, baƙin gashi kuwa sai an shiga rana ake ganin jansa. Ana kwaɓa garin da ruwan ɗumi da ɗan lemun tsami, a rufe shi na wasu sa'o'i har launin ya fito, sannan a shafa a ɗaure kai. Lemun idan ya yi yawa yana busar da gashi, balle a lokacin hunturu, don haka bayan wanki ake bi da man kaɗanya ko man kwakwa. Wasu na wankewa da karkashi, wanda yauƙinsa ke warware gashi.

Lalle tsantsa ba ya ba da baƙi. Mai son duhu sai ya bi bayansa da garin ganyen baba, shukar da marinan Ƙofar Mata a Kano suka shahara da ita. Abin da ake kira baƙin lalle ko dayis, mai kamawa cikin mintuna kaɗan, galibi an haɗa shi da sinadarin PPD. Tarayyar Turai ta ƙayyade shi a kashi 2 cikin 100 a rinin gashi bayan an haɗa, ta kuma hana zana shi a fata. Garin da aka ƙulla a leda ba suna ba lambar NAFDAC, babu mai iya faɗin yawan abin da ke cikinsa, har shi mai sayarwar.

PPD na iya jawo ƙaiƙayi, ƙuraje masu ruwa da kumburin fuska, sau da yawa kwana ɗaya zuwa uku bayan shafawa. Jikin da ya taɓa ƙin sa kan ci gaba da ƙin sa har ƙarshen rayuwa. Shawarar likitocin fata ita ce a ɗiga kaɗan a bayan kunne, a jira sa'o'i 48. Idan leɓe ya kumbura ko numfashi ya yi wuya, asibiti za a nufa nan take.

Jarirai kuwa ko jan lalle bai dace da su ba. Ga yaron da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD, lalurar da ta yawaita a Najeriya, lalle na iya farfasa jajayen ƙwayoyin jini, ido ya yi ɗorawa.